Tsalha da Baƙin Tabarau na Dubai

Sarkin Kasuwa Alhaji Mudi ya tsaya gaban teburin Tsalha mai sayar da tabarau, ya ce, "Kai ke cewa naka masu araha daidai suke da nawa na Dubai? Tabbatar yanzu, ko ka bar kasuwar nan."

"Ranka ya daɗe, miƙo in gani."

Tsalha ya jefa shi cikin tulin masu kama da shi, ya cakuɗa. "Ɗauki naka."

Alhaji ya yi ta jujjuyawa, ya zaɓi ɗaya. "Wannan ne!"

"To jama'a, ku shaida, sauran duk nawa ne."

Alhaji ya dubi tulin, ya haɗiye yawu. "Dakata, bari in sake dubawa."

Kasuwa ta fashe da dariya. Har yau teburin Tsalha yana nan.