Agwagwa da Gugan Iya Tasalla

Dalilin da ya sa ruwa ba ya jiƙa agwagwa, kuskuren wata tsohuwa ne. Ku zauna ku ji.

A da, agwagwa da kaza duk ɗaya suke wajen tsoron ruwa. Gashin agwagwa shan ruwa yake kamar tsumma. In ta faɗa kududdufi sai ta yi nauyi ta nutse. Haka mijin wata agwagwa ya tafi, ya bar ta da 'ya'ya ƙanana.

Wannan Agwagwa a gidan Iya Tasalla take, ita da Kaza. Iya Tasalla mai yin man kaɗe ce. Ta tsufa, ido ya yi rauni, kunne ma haka. Tana da baƙin guga na fata. Duk ƙarshen rani sai ta shafe shi da mai, don kada ya tsage ya riƙa yoyo.

Wata rana Agwagwa ta kai 'ya'yanta rafin bayan gida. Rafin a bushe yake, yashi kawai. Ta bar su kan wani ɗan tudu a tsakiya suna tsince gara, ta dawo gida shan ruwa. Rana ta yi zafi. Ta kwanta a gindin rijiya, ta cusa kai cikin fiffike, barci ya ɗauke ta.

Iya Tasalla ta fito da ƙoƙon mai. Ta hangi baƙin abu a dunƙule a gindin rijiya. Ta ɗauka, ta matse tsakanin gwiwoyi, ta fara shafawa.

Agwagwa ta farka ta ce, "Iya, ni ce fa."

Tsohuwa ba ta ji ba. Ta ce, "Wannan guga ya lalace, har gashi ya tsiro masa." Ta ƙara mai. Ta murza baya, ta murza ciki, ta bi ƙarƙashin fukafukai. Sai da ta laluba igiya, ta kamo wuya.

Ta ce, "Af, ke ce? Me ya kai ki kwanciya a wurin guga?"

"Tun ɗazu nake magana, Iya."

"To, mai dai ya tafi. Tashi ki ba ni wuri."

Kaza tana gefe tana dariya. Ta ce, "Ƙawata, sai ƙyalli kike. Saura gishiri, a ɗora ki a wuta."

Agwagwa ba ta kai ga ramawa ba, sai suka ji ruri daga bayan gida. Ashe an yi ruwa mai yawa can gabas, rafi ya kawo. Suka ruga. Kafin su isa, jan ruwa ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa. Tudun nan saura kaɗan ya shafe. 'Ya'yan sun taru a kansa suna kuka.

Kaza ta daina dariya. Ta ce, "Kada ki shiga. Kin ga yadda mijinki ya ƙare."

Agwagwa ta ce, "To in tsaya in kalla?"

Ta rufe ido ta faɗa ruwa. Tana jira ta ji nauyi ya ja ta ƙasa. Shiru. Ta buɗe ido, ta ga tana sama kamar ƙwarya. Ruwa ya hau bayanta, ya dunƙule, ya gangara. Ko sanyinsa bai kai fatarta ba. Ta buga ƙafa, ta ga ta yi gaba. Ta sake bugawa. Haka ta isa tudu, ruwa ya riga ya taɓa ƙafafun yaran. Suka hau bayanta, ta juyo da su.

Iya Tasalla ta iso da doguwar gora a hannu, tana haki. Ta tarar da su a gaɓa, ba wanda ya ɓata. Ta yar da gorar, ta zauna a ƙasa ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta jawo Agwagwa ta shafa, ta ji gashin a bushe.

Ta ce, "Ai mai ba ya yarda da ruwa. Don haka nake shafa wa guga."

Agwagwa ta ce, "Iya, ki riƙa shafa mana, ni da yaran."

"Ba ni da aiki sai naki? Tsaya."

Tsohuwa ta yi tunani. Man gyaɗa ruwa-ruwa ne, zai tsiyaye. Man shanu kuwa kiyashi za su bi ta. Man kaɗe shi ke daskarewa ya zauna inda aka sa shi. Ta lakato curinsa, ta cusa wa Agwagwa a gindin bindi. Ta yi wa yaran haka.

Ta ce, "Ga shi nan. Kowa ya shafa wa kansa." Ta juya wajen Kaza. "Ke fa?"

Kaza ta ja da baya. Ta ce, "Ni da wannan wari? Na gode."

Man nan bai ƙare ba, ya zauna a jikinsu, jikoki suka gada. Shi ya sa har yau za ku ga agwagwa ta juya wuya, ta lakato mai a gindin bindinta da baki, ta bi gashinta tana shafawa, sannan ta shiga ruwa ita da 'ya'yanta hankali kwance. Kaza kuwa da an fara yayyafi, sai ta ruga gindin rumbu.