Kwalaben da Aka Zubar a Bola

Wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini, 'yan uwa, har shekarar ma na manta. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

Akwai wani mai kantin magani, mutum mai tsabta, mai ji da karatunsa. Wata rana firjinsa ya lalace, kwana uku ba sanyi. Allurar masu ciwon suga kuwa ba ta jure zafi. Ƙarfinta tafiya yake yi, ko da kwanan watan da ke jikin kwalbar bai cika ba.

Ya san haka, shi ya sa bai sayar ba. Amma maimakon ya ware kwalaben ya kai wa masu ƙona lalataccen magani, sai ya zuba su a kwali ya miƙa wa dattijuwar da ke yi masa shara.

"Yallaɓai, bolar nan fa mutane na tonawa," in ji ta. "Ko a ɓata su tukuna?"

Ya yi dariya. "Iya, yaushe kika gama makarantar haɗa magani ban sani ba? Je ki zubar, mutane na jirana."

Yana da yaya mace wadda ta raine shi, ita ma ciwon ke damunta. Duk wata yakan aika mata allura. A wannan watan ya ce ta ɗan jira sabon kaya, sai hidima ta sha kansa ya manta. Ita kuma ta ji nauyin sake tambaya.

Da wani mai tallan magani ya biyo ta layinsu, ta sa aka kira shi. Ta duba kwanan wata kamar yadda ƙanenta ya koya mata, ta ga da saura, ta saya.

Fiye da mako tana yi wa kanta allura, jiki sai ƙara mutuwa yake yi, ƙishirwa ta ƙi yankewa. Ranar da ƙanen nata ya leƙo, a kwance ya same ta, leɓɓanta sun bushe.

"Yaya, me ya hana ki kira ni?"

"Ai na samu, Auta," ta ce da ƙyar. "Mai kyau ma, irin taka."

Ya ɗauki kwalbar daga bakin taga. 'Yar takardar da ke manne a jikinta, rubutun hannunsa ne. Ya zauna a ƙasa.

An kai ta asibiti. Kwana biyu ta yi, Allah ya karɓi abarsa.

Daga baya na je na tambayi dattijuwar nan da kaina. Ta tabbatar mini kwalba goma sha biyu ne a kwalin. Uku aka samu a ɗakin marigayiyar. Sauran taran, har yau ba wanda ya san jikin wa suka shiga.

Darasi: Lalataccen magani ba sharar bola ba ce, a ware shi a kai inda za a lalata shi yadda ya kamata. Kuma kada ka raina gargaɗi don ka raina mai faɗarsa. Don Allah ku tura wa duk mai kantin maganin da kuka sani.