Manomin da Jinkarsa ta Rufe

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙwazo ƙwarai. Shi ne na fari a gona, shi ne na ƙarshen tashi. Ba ya sata, ba ya shan giya, ran Lahadi kuwa kafin a buga ƙararrawa yana zaune a bencin gaba. Aibinsa ɗaya ne, amma fa babba: tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya ce "a taimake ni" ba. In jakinsa ya kwanta da kaya a hanya, gara ya sauke kayan ya ɗora a kansa, ya ce dama motsa jiki yake so. In ya ɓata hanya a wani gari, sai ya yini yana zagaye, ya dawo ya ce kallon garin ya tsaya yi.

Maƙwabcinsa wani dattijo ne mai suna Baba Dogara, mai sanyin hali da son barkwanci. Wata shekara iska ta kayar da dangar manomin yana gona, Baba Dogara ya tayar masa da ita ya ɗaure. Da mutumin ya dawo ya gani, maimakon godiya sai ya tuge dangar nan kaf, ya sāke kafa ta daidai inda take. Sa'an nan ya tsaya a ƙofar gida ya yi shela, ya ce duk wanda ya ƙara taɓa masa kaya ba da cewarsa ba, sai sun haɗu a gaban mai unguwa. Mutane suka ji, suka riƙe. Matarsa Tabita ce ta sha kunya, ta yi mako ba ta iya haɗa ido da kowa a bakin rijiya.

A shekarar da nake ba ku labari, Allah ya ba shi dawa, rumbunsa ya cika har wuya. Da bazara ta yi, sai guguwa ta yaye jinkar rumbun ta watsar. Rumbu ya zauna baki buɗe, abincin shekara na kallon sama, damina kuwa tana bakin ƙofa.

Ku da kuka tashi a ƙarƙashin kwano, bari in gaya muku yadda ake yi. Jinka ita ce rufin ciyawa mai tsini, a ƙasa kuma ake haɗa ta. A kafa gora, a ɗaure, a baibaye da ciyawa. Wannan duk mutum ɗaya yana iya yi. Ɗagawa ce ba ta yiwuwa. Dole maigida ya bi gida gida ya ce gobe yana da ɗaga jinka, maza takwas su zo da gwafa, uwar gida ta dama kunu, a ɗaga a ɗora, a sha kunu a watse. Haka kowa ke yi, ba wanda ya taɓa raguwa don ya yi.

Manomin nan ya zauna ya haɗa jinkarsa. Sai da ya leƙa ta Baba Dogara ya auna da ido, sa'an nan ya ƙara wa tasa taki biyu, ya sa ciyawa ninki uku, ya ɗaure da igiya tamau. Gaskiya ta yi kyau. Tabita ta yaba, ta tambaye shi ko ta jiƙa gero don kunun masu ɗagawa. Ya dube ta ya ce kunun su wa? Ta bar geron a inda yake, don ta san mijinta.

Ya jira ranar da maza suka tafi sharar gona, Tabita kuma ta tafi taron zumuntar mata. Da gida ya yi tsit, ya sa gwafa ya ɗaga gefe ɗaya na jinkar da ƙyar, ya tura turmi ya tokare. Dabararsa ita ce ya shiga ciki, ya sa kai a tsakiya, ya miƙe da ita ya taka zuwa rumbu. Yadda zai hau da ita sama kuwa, tunaninsa bai kai nan ba tukuna. Ya rarrafa ya shiga, ya kafa ƙafa, ya yunƙura iya ƙarfinsa. Jinka ta ɗan motsa kaɗan, daidai yadda zai ishi turmi ya mirgine. Turmi kuwa ya mirgine abinsa, jinka ta zauna daram, ta rufe shi kamar kaza a akurki. Takalminsa ɗaya ya maƙale a bakin jinkar, rabi ciki rabi waje.

Ya tura, ba ta motsa ba. Ya gwada tonon ƙasa da hannu, ƙasar bazara ta ƙi. Ya gwada yage ciyawa, sai ya tarar wanda ya ɗaure ta gwani ne. Ga duhu, ga zafi, ga cinnaku da suka gane an kawo musu baƙo.

Da rana ta take Tabita ta dawo. Ta ga turminta a yashe, ta tayar da shi tana mita. Ta ƙwala kira, "Maigida! Maigida!" Yana jinta, tsakaninsu bai fi taki uku ba, amma ya kama bakinsa. Ta ɗauka ya tafi gona, har ta wanke tufafi ta shanya a kan jinkar. Ruwan wankin na ɗiga masa a ƙeya, bai ce uffan ba.

Da rana ta karkata, hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Tabita ta dubi sama, ta dubi rumbu, ta yar da kunya ta ruga cikin unguwa tana kiran maza. Mutum bakwai suka zo da gwafofinsu, Baba Dogara na gaba. Dattijon ya kewaya jinkar sau ɗaya, ya ga gwafa a yashe, ya ga shaidar turmi a ƙasa, ya ga rabin takalmi. Ya nuna wa sauran da baki, ya janye Tabita gefe ya nuna mata ita ma. Ta dafe ƙirji. Sa'an nan ya ɗaga murya yadda na ciki zai ji, ya ce ai su ba za su taɓa kayan mutum ba da cewarsa ba, shi ya tsufa da zuwa gaban mai unguwa. Ya sa mutum biyu su hau su rufe bakin rumbu da tabarma, sauran suka zauna suka jingina da jinkar.

Suna zaune sai hira ta ɓarke, na ciki na saurare. Ya yi tsammani zaginsa za su yi, har ya shirya fushi. Amma ɗaya ya ce shi kasuwa biyu ya ƙi zuwa, don kada a zo kiran ɗaga jinkar nan ba ya gida. Wani ya ce shi tun ranar da guguwa ta yi ɓarna ya sassaƙa sabuwar gwafa ya ajiye. Baba Dogara ya ce tun kafin a kafa gorar fari suka gama shawara za su zo, kira kawai suke jira. Tabita kuwa kuka ya ƙwace mata na gaske. Ta ce ta gaji. Shekara ashirin tana aron abu a ɓoye tana mayarwa a ɓoye, yau ga abincin 'ya'yanta zai ruɓe tana kallo, ga mutane a tsakar gida, ba abin da ya rage sai kalma ɗaya.

Maganar nan ta soke shi fiye da cizon cinnaka. Duk da haka girman kai bai sake shi nan da nan ba. Ya yi gyaran murya, ya ce daga ciki, "In akwai mai son ɗaga jinkar nan a waje, ya ɗaga."

Baba Dogara ya ce, "A'a, mu ba mu da wani so. Hutawa muka zo yi."

Iska ta kaɗa, ta ɗauke tabarmar da ke bakin rumbu ta yi gaba da ita. Muryar ta sāke fitowa, "To, na ba ku izini."

"Mun gode," in ji dattijon, "amma izini ai wanda ya roƙa ake ba. Mu ba mu roƙi kome ba."

Yayyafi ya fara, manyan ɗigo suna faɗawa cikin rumbu. Can sai aka ji wata murya ƙarama, wadda ko Tabita ba ta taɓa ji ba.

"Baba, ni ne. Na kāsa. Don Allah ku taimake ni."

Bai rufe baki ba hannu goma sha huɗu suka kama jinkar. Ya fito da rarrafe, ƙura har gira, jiki duk kumburin cizo, takalmi ƙafa ɗaya. Ba wanda ya yi dariya a lokacin, sun ajiye ta sai an gama aiki. Baba Dogara ya miƙa masa gwafa ya ce su bakwai ne, jinka kuwa takwas take so, balle wannan da aka ƙara wa taki biyu. Ya nuna masa gurbi kusa da shi. Manomin ya shiga, kafaɗa da kafaɗa, aka ɗaga aka ɗora, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Suka ruga zaure suka yi ta dariya har da hawaye, daga baya shi ma ya shiga. Dawa ta tsira, amma dami biyar na sama sun sha ruwa, suka yi fumfuna aka zubar.

Kada ku ce daga ranar ya zama wani mutum dabam. Mako bai cika ba aka ji shi a ƙofar gida yana gaya wa baƙi cewa a duk ƙasar nan ba wanda jinka mai girman tasa ta taɓa rufewa, kuma ba wanda ya kai shi saurin tuba. Tabita ta jiyo shi. Ta mirgino turmin nan ta ajiye a gabansa, ta koma ɗaki. Ya dubi turmi, ya sunkuyar da kai, ya canja magana. Shekara ta fari turmin ya sha fitowa ƙofar gida. Ta biyu ya ragu. A ta uku, da Baba Dogara ya tashi ɗaga jinkarsa, manomin ne ya bi gida gida yana roƙo a madadinsa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Jinkar ita ce nauyin da kowannenmu yake da shi, na zunubi da na zaman duniya, wanda Allah bai yi mu don mu ɗaga mu kaɗai ba. Taki biyun da aka ƙara shi ne girman kai. Ba ya ƙara wa mutum ƙarfi ko kaɗan, kayan kawai yake ƙara wa nauyi. Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne, ɗan bencin gaba ne. Irin wannan ciwo ya fi son masu ƙwazo, shi ya sa nake jin tsoronsa a ikkilisiya fiye da abubuwa da yawa da muke yi wa faɗa.

Ku tuna kuma sau uku ya yi magana, sau ɗaya aka ɗaga. Da yawanmu addu'armu irin ta fari ce da ta biyu. Muna zuwa gaban Ubangiji kamar mu ne muke yi masa alfarma. Ba mu faɗi ko mu su wane ne ba, ba mu ce mun kāsa ba. Alhali Yesu Almasihu, wanda ya ƙasƙantar da kansa har ya mutu dominmu, ya riga ya gama shawarar taimakonmu tun ba mu san muna bukata ba. Wani zai ce Baba Dogara ya yi tsanani da ya jira. Ni ban gani haka ba. Da ya ɗaga tun a maganar fari, da ya fitar da mutumin daga jinka ya bar shi cikin abin da ya fi jinka nauyi.

Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne dami biyar ɗin nan. Jinkirin mai girman kai ba ya tafiya a banza, kuma yawanci ba shi kaɗai ke shan wahalarsa ba. Akwai Tabita a gidaje da yawa. Akwai dattijon ikkilisiya da ya san shi ne da laifi, shekara uku ya kāsa taka ƙofar ƙanensa. Akwai 'yar ƙungiyar mawaƙa da aka gyara wa murya sau ɗaya, har yau tana zaune a baya tana cin magani. Ni mai gaya muku ma ina da nawa turmin a gida, ba na kuwa jin daɗin ranar da aka mirgino shi. Amma tawali'u haka yake girma, kaɗan kaɗan, in mutum ya yarda a tuna masa bai yi fushi ba.

Saboda haka in kana cikinmu yau, kana zaune a duhu ka kama bakinka, kana tsammani ba wanda ya sani, bari in gaya maka cikin ƙauna: takalminka yana waje, mun gani tun ɗazu. Ubangiji yana tsaye, 'yan'uwanka suna riƙe da gwafa, hadari kuma ya taso. Buɗe baki ka ce ka kāsa.