Ƙwan Gauraka a Gindin Tanderu

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso kusa, ta yau ba ta dariya ba ce."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

A wani gari na bakin fadama akwai wata mai gurasa, sunanta Tabawa. Ba ta da zakara, kukan gauraki ne ke tashinta da asuba ta duba kwaɓinta, ta hura tanderu. A lokacin gauraki sun cika fadamar. Sai masu tarko suka dinga kama su suna kai wa attajirai su yi adon tsakar gida, har ya rage saura Gauraka ɗaya da matarsa da ƙwansu uku. Ran nan matar ma ta faɗa tarko.

Gauraka ya kwaso ƙwan ya zo wurin Tabawa. Ya gaya mata zai tafi neman matarsa, ga shi ƙwai ba ya son sanyi, gindin tanderunta kuwa ba ya rabuwa da ɗumi.

Ya ce, "Inna, amana ce. Duk abin da ya rage na danginmu ke nan."

Tabawa ta saka su cikin ƙwarya, ta lulluɓe da tsumma, ta yi masa alkawari. Ashe Gizo na maƙale a jikin danga yana ji.

Da safe ya shigo da sallama, ya gutsuri gurasa ya yamutsa fuska. Wai a birni yanzu ƙwai ake fasawa a kwaɓi, gurasa ta fito jawur, mutane na rububi. Tabawa ta ce ba ta da ƙwai sai na amana.

Gizo ya ce, "Haba Inna, ɗaya tak. Ai biyu sun ishi tsuntsu."

Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta fasa a kwaɓin. Gurasa ta yi kyau, kafin hantsi ta ƙare, Gizo ya samu ladan shawara ya cika cikinsa.

Washegari ya dawo, ya ce masu saye sun riga sun ɗanɗana, in ta koma wa ta da za su guje ta. Ɗaya tak. Ta fasa na biyu.

Da ya zo karo na uku, Tabawa ta rungume ƙwaryar ta ce wannan kam a'a. Gizo ya zauna ya marairaice.

"Inna, tausayinsa nake ji. In ya ƙyanƙyashe shi kaɗai, da wa zai yi wasa? Wa zai aura?"

Ta ɗauki ƙwan, ta ji kamar wani abu na motsi a ciki, amma ta rufe ido ta fasa shi.

Da yamma sai ga Gauraka, ƙafafunsa duk ƙura. Ya ce ya ga matarsa a gidan wani attajiri, an yanke mata fiffike, ba za ta ƙara tashi ba. Saƙonta ɗaya ne: ya koma ya raini 'ya'yansu. Ya nufi gindin tanderu, ya ɗaga tsumma da baki. Ɓawo kawai. Gizo kuwa tuni ya haye rufin ɗaki ya lafe.

Tabawa ta durƙusa tana kuka, tana cewa ɗaya ɗaya ta ɗauka, ba ta yi nufin ƙarar da su ba.

Gauraka ya ce, "Masu tarko ma ɗaya ɗaya suka ɗauka, Inna."

Ya tsinci ɓawo guda, ya tashi sama, bai waiwayo ba.

Da asuba fadama ta yi tsit. Tabawa ba ta farka ba sai da rana ta take, kwaɓinta ya yi tsami ya zubo ƙasa. Har ta tsufa, kullum tana fita bakin fadama ta kasa kunne.

To kun ji. Abin da aka ba ku amana kada ku taɓa ko kaɗan, kuma duk abin da kowa ke cewa "ɗaya tak zan ɗauka", wata rana za a nema a rasa.

"Kaka, yaya kukan gauraka yake?"

Kaka ta buɗe baki za ta kwaikwaya, sai ta yi shiru.

"Ni ma ina yarinya na ji shi, Delu. Na manta. Ƙungurus kan kusu, ku tashi ku kwanta."