Manomin da Ya Ƙi Kashe Data

An yi wani manomi mai son wasan ces, wato darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai. A wayarsa yake bugawa ta intanet, da mutanen da bai taɓa gani ba. Ya iya sosai, yana kuwa yawan faɗa wa maƙwabtansa cewa ya iya.

Ran nan bayan an taso daga gona, maƙwabta suka taru a ƙofar gidansa domin su ga gwanintar da idonsu. Ya zauna a kan turmi, suka kewaye shi. Ba a jima ba abokin wasan ya cinye masa doki, ya bi da sarauniya, sarkinsa ya rasa wurin ɓuya. Manomin ya ga ba sauran mafita.

Sai wani maƙwabcinsa ya raɗa masa, “Maigida, kashe data kawai. Mu duka za mu ce sabis ne ya ɗauke.”

Shawarar ta yi masa daɗi. Amma ya tuna cewa in ya gudu, abokin wasan zai zauna yana jira har lokacin wasan ya ƙare, shi kuma ya sa jama'a ƙarya saboda shi. Ya ce, “A'a. An cinye ni, kowa ya gani.” Ya danna wurin miƙa wuya, ya rubuta cewa wasa ya yi kyau, ya gode.

Nan da nan amsa ta zo. Ashe wata tsohuwa ce, malamar makaranta a da, a wani gari mai nisa, ciwon ƙafa ya zaunar da ita a gida. Ta ce tun safe duk wanda ta kusa cinyewa sai ya ɓace ya bar ta da kallon allo, har ta yi niyyar daina wasan. Maƙwabta suka fashe da dariya, wai gwani ya sha kashi a hannun kaka. Manomin ya fi su dariya. Ya roƙe ta, “Mama, nuna mini inda na yi kuskure.” Ta nuna masa, suka sake sabon wasa, ta sake cinye shi.

Ga abin da misalin nan yake koya mana, 'yan'uwa. Wanda yake can bayan allo mutum ne da Allah ya halitta, yana da lokacinsa da zuciyarsa, ko da ba ka ganin fuskarsa. Faɗuwa a wasa, ko a jarrabawa, ko a gardama, ba zunubi ba ce. Ƙaryar da muke rufe ta da ita ce zunubi. Wanda kuwa bakinsa ya saba cewa “ka fi ni” ga ɗan'uwansa, ba zai yi masa nauyi ba ya durƙusa gaban Ubangiji ya ce, “Na kasa, ka koya mini.”