Ƙofar da Inna Tabawa Za Ta Fara Zuwa

Ku gyara zama, manya da yara. Labarin da zan ba ku yau ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ba ni ba.

A garin Ringim an yi wata mata mai girkin biki, ana ce mata Inna Tabawa. Duk gidan da aka yi suna ko ɗaurin aure, in ba ita ta tsaya a kan tukunya ba, sai a ce bikin bai cika ba. Hannunta nauyi gare shi wajen mai da barkono da gishiri, kuma abin da ta dafa wa mutane shi take ci, a tsaye, a bakin murhu. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku: Lawwali manomi, shi ne ɗan fari, Mansura, tana aure a bayan kasuwa, sai auta Tasi'u, wanda ya samu tallafin karatu ya tafi ƙasar Indiya koyon aikin injiniya.

Ciwon bai zo mata da gaggawa ba. Ya fara da zafin ƙirji bayan cin abinci, sai gwiwoyi suka soma kumbura. Likitan asibiti ya ba ta magani, ya ce ta rage mai da yaji, ta daina wuni a gaban wuta. Ta yi dariya ta ce, "Likita, ni da nake ciyar da gari, ni za a koya wa cin abinci?" Ta sha maganin, ta koma wa tukunyarta. Shekara na zagayowa ta fara dogara sanda, daga baya sandar ma ta kasa ɗaukarta. Abin da ta ci ba ya zama. Ta rame har masu zuwa dubiya suka koma yi wa 'ya'yanta magana ƙasa-ƙasa a zaure.

Tasi'u ne ya fara motsawa. A can inda yake ya ga yadda mutanen ƙasar ke bin wani tsohon ilimin magani nasu da suke kira Ayurbeda, wanda ke gyara jiki ta hanyar abinci da ganye da tausa. Ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa wata tsohuwar likita mai suna Debaki, a wani ƙauye na jihar Kerala. Ya nace, ya roƙa, har Inna ta yarda ta sayar da manyan tukwanenta aka kai ta. Debaki ta ɗora yatsu a wuyan hannunta, ta duba harshenta, ta tambayi lokacin barcinta da na cin abincinta, har da ko tana da saurin fushi. Sannan ta ce wutar cikinta ce ta yi yawa, iska kuma ta shige gaɓoɓi. Inna ta ce, "Auta, tambaye ta, ba tsafi a ciki?" Tsohuwar ta yi murmushi ta ce ganye ne da abinci da haƙuri, maganin asibitin ma kada a ajiye shi. Duk wannan ta bakin Tasi'u ake yi, don shi kaɗai ke jin maganar likitar. Da jarrabawarsa ta ƙarshe ta gabato, Inna na cikin kwanakin wankin ciki, jiki ya yi laushi. Ta riƙe masa hannu ta ce, "Kada ka bar ni cikin mutanen da ba na jin abin da suke faɗa." Bai gaya mata me zai rasa ba. Ya zauna. Makaranta ta cire sunansa, masu tallafi suka janye hannu. Yau yana gyaran waya a wata rumfa a bakin tasha.

Mansura ita ta bi ta a tafiyar, don aikin jinyar mace sai mace. Tana da goyo a lokacin, wata yarinya mai suna Sahura, ko tafiya ba ta fara ba. Ta yaye ta kafin lokaci, ta miƙa ta ga ƙanwar mijinta, ta hau jirgi nono na yi mata tsami. A can ita ta koyi komai da hannunta: yadda ake ɗumama man riɗi a murza gwiwa, yadda ake sirace da ganye, yadda ake dafa shinkafa da ƙananan wake su yi laushi da ɗan man shanu da kurkum, ba barkono. Inna kan ture kwanon ta ce, "Wannan abincin marayu ne." Mansura sai ta ɗauka ta sake ɗumamawa, ta zauna da cokali har sai ya ƙare. An ce za su yi 'yan makonni, suka shafe watanni. Ranar da suka dawo, Mansura ta shiga gida da gudu ta buɗe hannu, yarinyar ta fashe da kuka ta ɓuya a bayan gwaggonta. Har yau gwaggon take kira Umma. Mansura kuwa, in ta shigo, sai yarinyar ta ce mata "Sannu da zuwa," kamar yadda ake yi wa baƙuwa.

Lawwali bai je ko'ina ba, amma aikinsa yana jira. Da za su taho, Debaki ta ce in aka koma wa tsohon ci, ciwon zai dawo, kuma ganyen da za a riƙa dafa mata ɗanye take so, ba busasshen kasuwa da ya sha ƙura ba. Lawwali ya ware gefen gonarsa ya shuka citta da kurkum da hulba da zogale, ya musanya shanun nomansa da saniyar tatsa don a samu madara da man shanu na gida. Damina ta wuce lafiya. Da rani ya shigo shukar ta fara bushewa, sai ya ce rijiya zai haƙa. Ya shiga da kansa, don ya ga masu haƙar suna jan ƙafa kuma ganyen ba zai jira su ba. Ana dab da cim ma ruwa, gefen ramin ya rufto masa. An ciro shi da rai, amma ƙafarsa ta dama ba ta sake miƙewa ba. Rijiyar ta ba da ruwa, lambun ya yi kore. Sandar da Inna ta jingine a bayan ƙofa, ita ya aika aka ɗauko masa.

Inna Tabawa ta warke. Cikinta ya lafa, kumburin ya saɓe, ta koma tafiya masallacin Juma'a da ƙafarta. Mutane na ta yi mata barka, amma ita duk takun da ta yi sai ta ji nauyinsa a ƙirji. Babu ko ɗaya cikin ukun da ya taɓa yi mata gori. Tasi'u in ya zo gaisuwa wasa yake ja da ita. Mansura ba ta fasa aiko da kwanon shinkafa mai laushi ba. Lawwali kullum sai ya ɗingiso da ganye a hannu ya ajiye a bakin ƙofa. Shirunsu ya fi yi mata ciwo. Takan zauna ita kaɗai ta tuna ranar da ta yi wa likitan asibiti dariya, ta ce a ranta, da na ji magana tun ranar, da auta na da takardarsa, da Sahura ta san uwarta, da babban yana tafiya a miƙe.

Da ƙaramar sallah ta zo, bayan an sauko daga idi, ta ce wa maƙwabciyarta, "Bana ba zan zauna su zo gaishe ni ba. Ni zan je, in durƙusa, in nemi gafararsu."

Maƙwabciyar ta ce, "Haba Inna, uwa ta durƙusa wa ɗa?"

Ta ce, "Da ƙafafun da suka saya mini zan je."

Ta yafa mayafi ta fito. Ta isa mararrabar da ke gaban masallacin unguwa, nan ta tsaya. Hanyar dama ta nufi gonar Lawwali, ta hagu ta nufi bayan kasuwa gidan Mansura, ta tsakiya ta miƙe zuwa tasha inda Tasi'u ke da ɗaki. Dukansu za ta je kafin rana ta faɗi, wannan ba shakka. Amma ta san garinsu, ta kuma san 'ya'yanta: ƙofar da ta fara zuwa, ta faɗa wa duniya ke nan cewa mai ita ne ya fi yin rashi saboda ita, sauran biyun kuma za su ji, ko ba su ce komai ba. Masu wucewa na yi mata barka da sallah, ita kuwa tana tsaye a rana, ta kasa ɗaga ƙafa.

To, jama'a, ga wanda ya rasa karatunsa, ga wadda ta rasa 'yarta tana raye, ga wanda ya rasa ƙafarsa. Ƙofar wa ya kamata Inna Tabawa ta fara zuwa?