Kyautar da Vernon Ya Cinye

Akwai wani dattijo a garinmu na jihar Iowa ta Amurka, sunansa Vernon Tuttle, wanda har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Vernon ya karanci harkar noma a jami'ar da ke kusa da mu, ya yi arziki da sayar da taraktoci. Da ya ajiye aiki, sai ya yi wa jami'ar irin kyautar nan ta tsofaffin ɗalibai: ka ba ta dunƙulallen kuɗi, ta riƙa biyanka wani abu duk shekara har ka mutu, ragowar ta zama tata. Aka ce da ragowar za a buɗe tallafin karatu da sunansa.

Tun daga ranar ba mu ƙara shan kofi cikin kwanciyar hankali ba. Kullum da safe yana gidan abincin bakin titi da hular jami'a a ka, yana ba da labarin karamcinsa. Ko baƙon da ya tsaya tambayar hanya sai ya sha labarin.

Matarsa Marlene takan ce, "Vernon, ka ba da saniya kana tatsar nononta. Ka bar mutane su karya kumallo mana."

Kwanci-tashi ya haura shekara casa'in, garau da shi. Wata shekara ya je bikin tsofaffin ɗalibai, ya bi bango-bango yana neman sunansa, bai gani ba. Ya faɗa ofishin masu karɓar gudummawa a fusace, Marlene na biye da shi.

"Ina sunana? Har na wani likitan haƙori na gani a jikin benci!"

Denise, ma'aikaciyar ofishin, ta ce, "Yallaɓai, ai naka sai bayan ranka."

"Au, mutuwata kuke jira?"

"Allah ya ƙara maka lafiya. Amma gaskiya kuɗin ƙarewa suke yi. In ka yafe abin da muke biyanka, ragowar ta isa mu buɗe tallafin bana. Akwai wata ɗaliba a sashen noma da za ta bar karatu saboda kuɗin makaranta. Da idonka za ka ga ta kammala."

Marlene ta taɓa hannunsa. "Ka yafe mana. Me kake yi da su? Banki kawai kake jibgewa."

"Haƙƙina ne! Ni za a yi wa wayo? Ku fara manna sunan, sannan mu yi magana."

Denise ta ce ba ta da ikon manna suna a kan tallafin da ba a buɗe ba. Ya buga ƙofa ya fita.

Abin haushin, mutumin nan ba ya buƙatar ko sisi daga ciki. Gidansa nasa ne, gonarsa na hannun 'yan haya. Taurin kai ne kawai.

Ɗalibar ta bar karatu, ta kama aiki a kamfanin yanka aladu. Shi kuwa Vernon ya ƙara shekaru yana karɓar kuɗinsa, yana yi mana ƙorafin butulcin jami'a.

Da ya rasu, abin da ya rage bai isa buɗe tallafi ba. Aka zuba shi cikin asusun gyare-gyare, aka cike ramukan wurin ajiye motoci.

Bayan jana'iza muna cin abinci a zauren coci, wani ya miƙe ya ce marigayi uba ne ga ɗalibai. Marlene ta ajiye cokalinta.

"Wane ɗalibi? Ku faɗa mini sunan guda ɗaya."



Darasi: Kyautar da ka riƙe wa igiya ba kyauta ba ce. In za ka bayar, saki hannunka tun mai buƙata yana bakin ƙofa, suna zai biyo baya da kansa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya sassauta hannu yau.